A Zana Hayi Biyu A Takarda Ɗaya

Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta Zariya. Titin Sakkwato shi ya raba ta da garin Samaru. A wannan hayi ga ɗakunan kwana na Sulaiman da Amina da Ribadu da Ɗanfodiyo. A wancan hayi kuwa ga masu shara da masu gadi da masu sayar da abinci, har da ɗimbin ɗaliban da ba su sami gado a ciki ba, iyayensu na biyan haya da gumin goshi.

To, mu dai ra'ayinmu shi ne, duk ran da za a ƙara ɗakin kwana, lalle mai zane ya sa hayin nan biyu a takarda ɗaya.

Da fari, ginin kansa. Ba sai an je Ingila neman dabara ba. Maginan Zazzau sun daɗe da sanin hadari daga gabas yake tasowa, sun kuma san amfanin zaure da tsakar gida. Ko Maxwell Fry da Jane Drew, Turawan da suka zana Kwalejin Ibadan, sai da suka yi bango mai huji-huji don iska ta ratsa. Saboda haka tagogi su dubi kudu da arewa, kada ranar yamma ta mai da ɗaki tanda. A yi baranda, a shuka itatuwa. Kana a ƙidaya famfo da masai bisa yawan kawunan da za su kwana da gaske, gama ɗakin mutum biyu ba ya daɗewa yana na mutum biyu.

Na biyu, unguwa. A ba ta magudanar ruwa da fitilun titi da rumfunan kasuwa, da wurin tsallake titi lafiya ga yarinyar da ta taso daga karatu da dare. Wanda ya ce wannan ba aikin jami'a ba ne, ya tuna sauron kwatamin Samaru ba ya tsayawa nuna takarda a bakin ƙofa.

Jama'a, kuɗin ginin nan na talakawa ne, 'ya'yansu ne kuma za su kwana ciki. Muna kira ga hukuma, kafin a sa tubali, ta zauna da ɗalibai da masu unguwa ta ji bakinsu, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya sa a ji.