Zufar Mai Ciki: A Auna Kafin A Ce "Ai Ciki Ne"

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, cikin koke-koken da muke yawan ji a ɗakin awo akwai yawan zufa da jin zafi ba dare ba rana. Idan kika faɗa a gida, amsar da za a ba ki ita ce, "Ai ciki ne, ki yi haƙuri." Sau da yawa gaskiya ce. To amma ra'ayinmu shi ne, bai kamata a yanke wannan hukunci ba sai an auna zafin jikinki, domin akwai cututtukan da ke ɓuya a bayan zufa, kuma rayuka biyu ne a kan layi.

Bari mu fara da abin da zai kwantar miki da hankali. Kafin ki haihu, jinin jikinki yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma jijiyoyin da ke kusa da fata sukan buɗe, shi ya sa kike jin ɗumi. Sinadaran da ke riƙe da ciki su ma suna ɗan ɗaga zafin jiki, ga nauyi ya ƙaru, ga jaririn da kansa yana fitar da zafi. Zufa ita ce hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Ko bayan haihuwa, mai jego takan yi zufar dare na wasu makwanni, jiki na zubar da ruwan da ya tara. Irin wannan zufa ba ta zuwa da zazzaɓi, ba ta hana ki cin abinci, ba ta sa ki rama.

Matsalar ita ce, tafin hannu ba ya bambance zafin ciki da zazzaɓi, balle a bazara. Ma'aunin zafin jiki ne ke bambancewa. Idan ya nuna digiri 38 ko fiye, wannan zazzaɓi ne, kuma zazzaɓin mai ciki ba ya kwana a gida.

A ƙasarmu, abu na farko da ake zargi shi ne zazzaɓin cizon sauro: rawar ɗari, ciwon kai, sannan zufa ta karyo. Karyowar zufa ba warkewa ba ce. Ƙwayar cutar tana iya maƙalewa a mabiyiya, ta jawo ƙarancin jini, ɓari, haihuwar bakwaini ko ɗan ƙaramin jariri. Gwajin jini na ɗan yatsa bai wuce minti 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba mai ciki maganin rigakafinsa daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau 3. Ki karɓi naki a wurin awo, ki riƙa kwana cikin gidan sauro.

Na biyu, ciwon mafitsara da ya hau zuwa ƙoda. Alamarsa zafin fitsari, ciwon kwiɓi, zazzaɓi da amai, kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci.

Na uku, akwai wata halitta a gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. In ta yi aiki fiye da kima, za ki ji zafi ko da sanyin hunturu, zuciya na bugawa da sauri kina zaune, hannu na karkarwa, kina ci amma kina ramewa, wani lokaci idanu su firfito. Gwajin jini ke tabbatar da shi, kuma akwai maganin da likita ke bai wa mai ciki. Barinsa yana iya jawo hawan jini da ɓari.

Na huɗu, zufar dare mai jiƙa zanin gado, tare da tari na mako 2 ko fiye da rama, tana iya zama tarin fuka, wato tibi. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shan maganin wata 6, kuma ciki ba ya hana sha.

Akwai kuma zufa mai sanyi. Ga mai ciwon suga da ke allura, idan ta zo da rawar jiki da yunwa, suga ne ya faɗi: ta sha abu mai zaƙi nan take, sannan ta sanar da likita. Idan kuwa ta zo da zubar jini, matsanancin ciwon mara ko jiri kamar za a suma, a nemi mota, ko tsakar dare ne.

Daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Ki sha ruwa kofi 8 zuwa 12 a rana, ki kuma duba fitsarinki: in ya yi duhu, ruwa bai ishe ki ba. Ki sa tufafin auduga masu yalwa, ki watsa ruwa, ki zauna a inuwa. Ki guji jiƙe-jiƙen "maganin zafi" da sayen ƙwaya a kemis ba tare da gwaji ba. Wani maganin yana rufe zazzaɓi ne kawai, cuta na ci a ciki, wani kuma yana taɓa jariri.

Maigida, kai ma da kai muke. Ka sayi ma'aunin zafi ka ajiye a gida, ma'aikatanmu za su nuna muku yadda ake karantawa. Ka bar mata izini da kuɗin mota ko ba ka nan. Iyayenmu mata, mun san kun haifa kun raina, muna roƙon ku ɗauke mata girkin rana a gindin murhu, kuma idan ta ce ba ta jin daɗi, kada a ce raki ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'Yar'uwa, ranar awo ki faɗa mana komai: yaushe zufar ta fara, da dare ne ko da rana, da me take zuwa. Idan an auna an ga lafiya lau, sai a ce ciki ne, kowa hankalinsa ya kwanta. Allah ya sauke ki lafiya.