Sharhi: Kuɗin Ƙananan Hukumomi Da Tukunyar Gida

Duk wanda ya saba zama a majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i a ƙauyukanmu, ya san cewa hira iri biyu ake yi, ta tsadar cefane da ta siyasa, kuma sau da yawa akan ɗauke su tamkar hanya ba ta haɗa su ba. Da zarar rediyo ya ambaci Kotun Ƙoli ko rabon arzikin ƙasa, sai a ce wannan zancen manya ne na Abuja, a koma kan farashin kwanon masara da buhun taki. To amma wanda ya bi sawun kuɗin a tsanake zai tarar cewa zancen ɗaya ne.

Idan ba a manta ba, a ranar 29 ga watan Mayun 2023 ne Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Magidancin da ko keke bai mallaka ba sai da abin ya iske shi har tsakar gida. Uwargida ta ji a wajen mai injin niƙa, manomin rani ya ji a man injin ban-ruwa, haka nan wanda naƙuda ta kama iyalinsa cikin dare ya ji a bakin ɗan acaɓa. A daidai wannan lokaci kuma, kuɗin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya suka ƙaru ƙwarai. Bisa tsarin rabon, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, su kuma ƙananan hukumomi 774 kashi 20.60. Wato ke nan, a duk naira biyar da aka raba, naira ɗaya da ɗoriya ta ƙaramar hukuma ce. Don haka magidancin da ya ɗanɗana kuɗarsa a wajen niƙa yana da cikakken haƙƙin ya tambayi inda wannan nairar ta shiga.

Wannan ne ya sa hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga watan Yulin 2024 ya shafi kowane gida. A ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, kotun ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, sannan ta haramta kantomomin riƙo. Jihohi da dama sun gudanar da zaɓen shugabanni da kansiloli kafin ƙarshen wannan shekarar, sai dai har hukuncin ya cika shekara guda a 2025 ana ta kai-komo kan yadda za a aiwatar da biyan.

Muhimmancin al'amarin yana cikin ayyukan da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya rataya wa ƙaramar hukuma. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara, sannan ta sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Ga kuma gyaran rijiyoyin burtsatse da jama'a suka saba nema a wajenta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba ya taɓa aljihun maigida. Idan famfon unguwa ya lalace, ko dai a sayi ruwa wajen 'yan garuwa da kuɗin cefane, ko kuma yarinyar da ya kamata ta kasance a aji ta wuni a bakin rafi. Idan kwalbati ya karye da damina, mota ba za ta shigo ba, sai manomi ya sayar da amfaninsa yadda ɗan kasuwa ya ga dama. Idan ɗakin shan magani ba kowa, zazzaɓin da za a kashe da 'yan kuɗi kaɗan sai ya cinye akuya.

Amma fa a nan dole a faɗi gaskiya, sauya hanyar da kuɗi ke bi ba shi ne gyara ba. Manyan malamanmu ba su manta da 1991 ba, lokacin da gwamnatin soja ta damƙa wa ƙananan hukumomi ragamar makarantun firamare, albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, har aka maido da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta ƙasa ke ɗari-ɗari da barin albashinsu a hannun ciyamomi. A ganina wannan fargaba tana da tushe, domin malamin da ba a biya ba shi ma magidanci ne, mai shago na binsa bashin shinkafa, kuma ranar da ya daina zuwa aji ɗan talaka ne zai zauna a gida.

Saboda haka, nauyin ya rabu gida biyu. Ga shugabanni da kansiloli da ma'aji da daraktoci, ya kamata su san cewa Ofishin Akanta Janar na Tarayya yana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma ɗan makarantar da ke riƙe da waya zai iya karanta wa dattawa. Ya fi mutunci a liƙa adadin a allon sakatariya da Hausa, tare da abin da aka cire na albashi da abin da ya rage na ayyuka, kafin jita-jita ta riga su.

Ga jama'a kuwa, kansila ɗan mazaɓarku ne, kun san gidan ubansa, tare kuke sallar Juma'a. Akan tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, daidai lokacin kaka. Wannan ne lokacin da ya dace mai unguwa ya tara magidanta, a kuma saurari mata tunda su suka san famfon da ya mutu da ranar da ungozoma ba ta zo ba, a rubuta buƙatu biyu ko uku mafiya muhimmanci, a miƙa wa kansila kofi ɗaya, dagaci ya ajiye ɗaya.