Ba a ɗora wa ɗan maraƙi garma: Harley Reid da rigimar tsakiyar fili

Na san akasarin masu leƙo wannan dandali, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Fatakwal, in aka ce ƙwallo to gasar Ingila suke nufi. Yau dai ku yi mini uzuri, zan kai ku Ostiraliya, ga wata ƙwallon da ake bugawa da ƙafa da hannu a fili mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare. Akwai wani rashin adalci da ake yi wa yara a wannan wasa, kuma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yaron da ake magana a kansa shi ne Harley Reid, wanda ƙungiyar West Coast ta birnin Perth ta ɗauka a matsayin na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023, yana ɗan shekara 18. Tun daga lokacin ake ta jayayya: shin yaron nan zai iya riƙe tsakiyar fili ya zauna daram, ko kuwa zuzuta shi kawai aka yi? Amsata ita ce zai iya. Amma masu yin tambayar da gatse su ne ya kamata a fara tuhuma, tare da ƙungiyar da ta jefa shi cikin wuta ba tare da manya a gefensa ba.

Bari in fayyace abin da ake nufi da tsakiya a wannan wasa, don ba daidai yake da wanda muka sani ba. A farkon kowane zango daga cikin huɗun da ake yi, da kuma duk lokacin da aka ci ƙwallo mai maki 6, alƙalin wasa yana sake wasa ne a tsakiyar fili, cikin wani murabba'i mai faɗin mita 50. Mutum huɗu kacal kowace ƙungiya ke da izinin sakawa a ciki: dogo guda wanda zai yi tsalle ya doko ƙwallon, da mutum uku da za su yi kokawar fito da ita. Gurbi uku ke nan, a ƙungiyar da ke da 'yan wasa sama da 40. A nan ake bangaza, a nan ake danne mutum a ƙasa, kuma ɗan tsakiya kan ci gudun fiye da kilomita 12 a wasa ɗaya. A 2021 kuma aka rage yawan canjin 'yan wasa zuwa sau 75, wato hutun da ake ɗan sata a benci ya ragu. Duk wanda ya nuna yana da haɗari, sai abokan hamayya su sa masa mai gadi, wanda ba shi da aikin da ya wuce ya bi shi, ya tsokane shi, ya hana shi sakat. Wannan aikin ƙarti ne masu shekara 25 zuwa 30, waɗanda jikinsu ya sha horo na shekaru.

To, ta yaya manyan 'yan tsakiyar da ake ji da su suka kai can? Ku duba tarihi. Gary Ablett ƙarami ya fara buga wa Geelong a 2002, ya shafe wajen shekara biyar yawanci a gaba yana farautar ci, sai a 2007 ya koma tsakiya sosai. A shekarar Geelong ta ɗauki kofin da ta rabu da shi tun 1963, shi kuma ya ci lambar Brownlow, wadda ake ba gwarzon shekara, a 2009 da 2013. Christian Petracca na Melbourne an ɗauke shi na biyu a 2014, ya daɗe yana wasa a gaba, sai a 2020 ya zama cikakken ɗan tsakiya, a 2021 ya zama gwarzon wasan ƙarshe. Nick Daicos, wanda kowa ya yarda baiwa ce daga Allah, Collingwood ta aje shi a baya ne a 2022, inda zai riƙa ganin fili gaba ɗaya yana rarraba ƙwallo ba tare da an murƙushe shi ba. Ya ci lambar matashin shekara daga can, a 2023 aka matso da shi tsakiya, suka ɗauki kofi, sannan ya zo na biyu a Brownlow a 2024 da 2025. Harry Sheezel na North Melbourne shi ma daga baya ya fara a 2023, har ya zama gwarzon ƙungiyarsa a shekararsa ta farko. Da rarrafe yaro kan tashi. Babu wanda ya ce waɗannan sun gaza don ba su fara daga tsakiya ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Joel Selwood ya shiga tsakiyar Geelong a shekararsa ta farko, 2007, ya kuma ɗauki kofi. Za a ce ai Will Ashcroft na Brisbane ya zama gwarzon wasan ƙarshe sau biyu a jere, 2024 da 2025, yana ɗan saurayi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma su wa ke gefensu? Selwood ya tarar da Ablett da Jimmy Bartel da Cameron Ling da Joel Corey. Ashcroft ya tarar da Lachie Neale, mai Brownlow biyu, da Josh Dunkley da Hugh McCluggage. Idan abokan hamayya za su sa mai gadi, a kan Neale za su sa shi, yaro kuma ya sami sarari ya koyi aiki. Daicos ma haka, ko da yake Collingwood ta ƙare ta 17 a 2021, tana da dattawa irin su Scott Pendlebury da Steele Sidebottom da za su tare masa duka. Kuma Daicos da Ashcroft ba zaɓen talakawa ya kai su can ba, dokar ɗa da uba ce, wadda ke ba ƙungiya damar ɗaukar ɗan tsohon ɗan wasanta da ya buga mata wasa 100.

A nan gizo ke saƙar. Tsarin zaɓen yana ba ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe damar ɗaukar yaron da ya fi kowa. An yi haka ne don a daidaita ƙarfi, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai sakamakonsa shi ne yaron da ya fi baiwa yana faɗawa gidan da ya fi lalacewa. Reid ya isa West Coast daidai lokacin da Luke Shuey da Shannon Hurn da Nic Naitanui suka yi ritaya a ƙarshen 2023. Aka miƙa masa riga mai lamba 9, wadda Ben Cousins da Naitanui suka sa, jaridun Perth suka mayar da hotonsa abin sayar da takarda. A tsakiyar 2024 aka rabu da koci Adam Simpson. A 2025 Elliot Yeo, ƙaton da ya kamata ya riƙa share masa hanya, rauni ya hana shi wasa, ƙungiyar kuma ta ci wasa ɗaya tak cikin 23. A irin wannan hali, duk mai gadin da za a sa, a kan yaro ɗan shekara 20 za a sa shi. Sannan wani ya zauna gaban talabijin yana cewa wai bai cika alkawari ba. Wane alkawari? Shi ya ɗauka, ko ku kuka ɗaukar masa?

Mun ga irin wannan a baya. Jason Horne-Francis, na ɗaya a zaɓen 2021, ya faɗa North Melbourne wadda ta ci wasa biyu a 2022. Shekara ɗaya ya yi ya tattara ya koma Port Adelaide, aka yi ta yi masa ihu a filaye, amma da ya sami Zak Butters da Connor Rozee da Ollie Wines a gefe sai wasansa ya fito. Matt Rowell na Gold Coast kuwa ya zo da jikin babban mutum a 2020, ya zama zakara a wasa uku a jere, sai kafaɗa ta goce a wasa na biyar, gwiwa kuma ta biyo baya a wasan farko na 2021. Sai a 2025, kakarsa ta shida, ya ci Brownlow da ƙuri'a 39. Da an yanke masa hukunci a shekara ta uku, da an ce ya ƙare.

Ba ina wanke Reid tas ba ne. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa. Yana da saurin fushi, masu gadi sun gane haka suna tsokanarsa, alƙalai kuma suna yawan hura masa laifi. A 2024 an dakatar da shi wasa biyu saboda ya yi jifa da abokin hamayya, abin da ya fitar da shi daga takarar matashin shekara, duk da cewa shi ya ci lambar ƙwallon da ta fi kyau a wannan kakar. Haƙuri da juriyar gudu har zango na huɗu, waɗannan nasa ne ya nema, babu mai nema masa. Gurbin tsakiya ba a gadonsa, ba a kuma bayar da shi don lambar zaɓe.

Amma nauyin da ya fi girma yana kan manya. Ƙungiyar da ta san ciwon kanta za ta raba wa yaro irin wannan lokaci, wani a tsakiya, wani a gaba inda ƙarfinsa zai yi amfani ba tare da an tatse shi ba. Za ta nemo gogaggu biyu ko uku, ko da sun fara tsufa, su sha bangazar a madadinsa. Masu sharhi kuma su daina auna ɗan shekara 20 da mudun ɗan shekara 28. A ba shi kaka biyar ko shida kamar yadda Ablett da Petracca da Rowell suka samu, in bai riƙe tsakiya ba a lokacin, sai a zo a yi magana, ni ma zan saurara.

Mu da muke zaune a garuruwan mutane mun san ba a miƙa wa yaro makullin shago ranar da ya sauka daga mota, mun kuma san maigidan da ya yi haka ya bar shi shi kaɗai, in aka yi asara ba yaron za a fara tambaya ba. Allah Ya ba yaranmu manya masu tsaya musu, Ya ba manyan kuma haƙurin koyarwa.

Wassalam.