An Toshe Mana Rami, An Sayar Mana da Batir

Akwai wata fatawa da babu malamin da ya bayar da ita, amma ta zauna daram a zukatan samarinmu mazauna kurmi: wai duk wanda aka gani da igiya tana reto daga kunnensa zuwa aljihu, ko dai baƙauye ne, ko talauci ya ci ƙarfinsa. Ɗan birni shi ne mai ɗan farin abu maƙale a kunne, ba igiya ba komai. Ka zagaya Owerri Road a Inugu bayan an sauko daga Juma'a, ko Bida Road a Anacha, ko Trans-Amadi ta Fatakwal, ka dubi kunnuwan jama'a. Mai shayi, mai wankin takalmi, ɗan keke, yaron mota, mai yankan farce, kowa da iyafis ɗinsa na bulutut, da yawa kuma ba ƙirar kamfanin da aka buga sunansa a kwalin ba ne. Ni dai a wurina wannan fatawa ɓata ce. Mutumin da ya baro Gwadabawa ko Gumel ya zo neman na kansa, kuɗinsa ƙirgagge, wutarsa ba tabbas, babu abin da ya dace da shi kamar iyafis mai igiya. In wayarsa ba ta da ramin soka shi, ɗan guntun adafta mai arha ya ishe shi.

Ba mu muka nemi a cire ramin nan ba. A watan Satumban 2016 ne kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 babu shi, babban jami'in tallansu Phil Schiller ya tsaya gaban duniya ya kira matakin jarumta. A wannan taron ne kuma suka gabatar da AirPods a kan dala 159. Shekara biyu kafin nan, a 2014, sun sayi kamfanin Beats mai ƙera abin sauraro a kan dala biliyan 3. Mai hankali ya haɗa lissafin da kansa. Samsung ya yi ta yi musu ba'a a tallace-tallace, sai ga shi a 2019 ya fito da Galaxy Note 10, shi ma a toshe. Daga manyan wayoyi abin ya gangaro zuwa na masu ƙaramin ƙarfi: Galaxy A16 ta 2024 ba ta da ramin, wasu daga cikin manyan Tecno da Infinix ma sun bi sahu. Tamkar mutum ne ya zo ya cike rijiyar gidanka, gobe ya dawo da kura yana sayar maka da ruwa jarka-jarka, kai kuma kana yi masa godiya ya kawo maka zamani.

Waƙa ko karatu da ke cikin waya lambobi ne zalla. Kunne ba ya jin lamba, don haka dole wani abu ya juya lambobin su zama motsin lantarki, wani kuma ya ƙara wa motsin ƙarfi har ya kaɗa 'yar fatar da ke cikin iyafis. Mai juyawar shi ne ake rubutawa DAC a jikin kwali. Wayar da ke da rami tana ɗauke da kayan aikin nan a cikinta. Wadda ba ta da shi, galibi adaftan ne ke ɗauke da su, a cikin ɗan kan nan da ake sokawa a ramin caji, wanda bai kai ɗan yatsa ba. Na Apple dala 9 ne kacal a Amurka, kuma masu auna irin waɗannan kaya da na'ura sun daɗe suna yaba tsabtar sautinsa. Na China masu aisi, wato ɗan guntun da ke juya lambobin, irin CX31993 ko ALC5686 sun cika duniya, su ma ba su da tsada.

To dubi abin da ke cikin na bulutut. Kowane kunne ɗaya yana da batirinsa, da rediyon da ke karɓar saƙo daga waya, da nasa mai juya lambobin, da mai ƙara ƙarfi, da makirfo, sannan sifika. Sau biyu ke nan. Ga akwatin ajiyarsu, shi ma da nasa batirin da fitilunsa, wani har da ɗan allo mai nuna kashi nawa ya rage, don dai a burge mai saye. Idan kuɗin da ka bayar kaɗan ne, a cikin wannan tarkacen duka za a rarraba shi, ribar mai shigowa da kaya da ta mai shago su ma a ciki. Me ya rage wa sifikar, wadda ita ce kaɗai ke magana da kunnenka? A iyafis mai igiya kuwa kusan duk abin da ka biya ya tafi ne kan sifika da igiyar. Wannan ne ya sa a farashi ɗaya mai igiya yakan kayar da maras igiya, sau da yawa da tazara mai nisa. Na bulutut mai kyau akwai shi, ba na musu. Amma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin na gaskiyan ya zama jarin wani. Wanda ɗan ci-rani ke iya saye ba shi ba ne, mai kama da shi ne.

Masu sayarwa sun san kunnenmu. Sun san abin da za mu tambaya shi ne, "Yana da duka?" Sai a cika kayan da dukan ganga mai toshe komai. Ka sa waƙar Hamisu Breaker ka ji ƙirjinka na rawa, ka ce ka dace. Sa karatun Alƙur'ani ko kukuma ka ji yadda murya ke fitowa kamar daga cikin bargo. Yawancin abin da mutanenmu ke saurara a nan magana ce: wa'azi, tafsiri, labaran BBC da DW, littattafan da ake karantawa a YouTube, saƙon murya daga gida. Magana kuwa tsabta take so, ba girgiza ba.

Sai batun wuta, wanda masu ƙera kayan nan a Kalifoniya da Shenzhen ba su yi lissafinsa da mu ba. Wanda ke kwana a shago ko a harabar masallaci, yana biyan kuɗi a teburin mai caji kafin wayarsa ta cika, yanzu an ƙara masa wani abin da zai riƙa kai wa caji. Tun watan Agustan 2021 da aka fara zaman gida na ranar Litinin a jihohin Igbo, Litinin nawa mutanenmu na Anacha suka yini a ɗaka, kasuwa a rufe, mai caji bai fito ba? A irin wannan yinin, iyafis mai batir yana mutuwa tun kafin la'asar, mai igiya kuwa yana nan muddin waya na numfashi. Haka yaron da ya biyo tirelar shanu daga Potiskum ko Mubi zuwa Ugwuoba ko Lokpanta, tafiyar da ba a yin ta a yini guda. Kuma batir ɗan mitsitsi irin wannan ba ya tsufa da kyau. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga kunnen hagu ya riga na dama mutuwa. An liƙe shi da gam, ba a buɗewa, ba a canzawa. Ka kai wa mai gyara a Garrison ko Emeka Offor Plaza, zai ce ka sayi sabo, kuma gaskiyarsa. Ga damina irin ta Fatakwal, da gumi, masu cin 'yan ƙarafan da yake caji da su. Ga faɗuwa: ɗaya ya suɓuce a cunkoson Bridge Head ya faɗa kwata, ɗayan ya zama maraya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne makirfo. Cinikin albasa da tumatir da doya da shanu tsakanin kudu da arewa a bakin waya yake gudana, da kira da saƙon murya na WhatsApp. Makirfon iyafis ɗin bulutut yana can wajen kunne, nesa da baki, yana kwasar hon ɗin mota da ihun 'yan kamasho da ƙarar janareto. Na igiya kana kama shi ka kawo daidai leɓe. Duk wanda ya taɓa jin uban gidansa daga Kano yana ta maimaita "Ban ji ba, nawa ka ce?" ya san wannan ba maganar ado ba ce, maganar kuɗi ce.

Za a ce igiya na tsinkewa, tana sarƙewa a aljihu, tana maƙalewa a hannun keke. Haka ne. Za a ce adafta na tare ramin caji, yana shan batirin waya kaɗan, kuma in an bar shi a soke a aljihu yana iya sassauta ramin. Wannan ma haka ne, shi ya sa ake zare shi in an gama. Amma igiyar da ta tsinke kuɗin kwanon abinci ɗaya ko biyu ke mayar da ita. Direba ko ɗan acaɓa da hannunsa ba ya hutawa, ya sayi na bulutut don amsa kira, ba wanda zai zarge shi. Rigimata da wanda ya mayar da shi ma'aunin wayewa ne.

Sai dai kada 'yan ɗaya ɓangaren su yi murna, domin su ma suna da tasu yaudarar. An fara samun samari masu bin bidiyon 'yan gayun sauti a intanet, suna ganin adafta wata laya ce da za ta mayar da kowace waya situdiyo. Kwali ya zo an rubuta 32-bit da 384kHz da manyan baƙaƙe, mai shago ya ninka kuɗi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kunnen ɗan Adam, ko na yaro mai cikakkiyar lafiya, iyakarsa wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma yana raguwa da shekaru. Ma'aunin faifan CD, wato 16-bit da 44.1kHz, wanda aka fara sayarwa tun 1982, ya riga ya rufe wannan iyakar. Manyan adaftoci irin na FiiO da Moondrop da AudioQuest suna da amfaninsu ga mai babban abin sauraro mai wuyar turawa, kamar Sennheiser HD 600 mai ohm 300. Iyafis ɗin aljihu ohm 16 zuwa 32 ne, kusan kowace waya na tura shi ba wahala. In wayarka itel ce ko Tecno mai raminta, kuma ba ka jin wani "shuu" a bayan sauti, to ba ka bukatar adafta ko kaɗan. Kuɗin ka ƙara su a kan iyafis mai kyau.

Kuma a duba abin da ake saurara. Faifan CD na zuba kilobit 1,411 a daƙiƙa. Waƙar da mai turi ya loda maka a memori, in an yi sa'a, MP3 ce mai kilobit 128, wato an zubar da kusan kashi 9 cikin 10 na nauyinta. In ba a yi sa'a ba, daga bidiyo aka ciro ta, bidiyon kuma an riga an matse shi a WhatsApp, sannan aka sake matsewa don waƙa dubu ta shiga ƙaramin memori. Turawa ta Xender ba ta rage komai, matsewar ce ke ragewa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da ya rasu a 1992, da waƙoƙin Mamman Shata da ya rasu a 1999, akasarinsu daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin kwafi. Babu adaftan da zai wanke su. Mai kyau ma ƙara bayyana maka tsatsar zai yi. Aikin da ya kamata masu hali da ɗaliban malamai su yi shi ne neman kaset na asali a gidajen rediyo da hannun tsofaffin masu ɗauka, a juye su da kyau tun ba su ruɓe ba. Wannan zai fi wa kunnen Bahaushe amfani a kan kowace sabuwar na'ura.

Ƙara kuma ba inganci ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa ma'aunin da babba zai iya jurewa a desibel 80 na awa 40 a mako. Mai zama kusa da janareto ko bakin titin Aba Road yakan ƙure ƙara ne don ya danne hayaniya. Iyafis mai robar da ke rufe kunne sosai yana rage wannan bukatar. Mai gadi da dare kuwa, da duk baƙon da ke tafiya a unguwar da ba tasa ba, kunne ɗaya ya isa, ɗayan a bar shi yana jin gari.

Ga mai niyyar saye, adaftan USB-C iri biyu ne, kuma a ido ba a bambance su. Akwai fanko, igiya ce kawai babu aisi a ciki, tana aiki ne a wayar da ke iya fitar da sauti ta ramin cajinta. Akwai mai DAC a ciki, wanda ke aiki a kusan kowace waya. Wayoyin Samsung da Google marasa rami, da iPhone 15 zuwa sama, mai DAC suke karɓa, fankon ba zai yi ko tari ba. A nan ake yawan cutar mutanenmu, musamman wanda Turancinsa bai nuna ba, ya karɓi kaya a leda ya tafi, sai ya isa masauki ya ga waya ta rubuta ba ta san abin da aka soka mata ba, washegari mai shago ya ce an buɗe kwali ba a mayarwa.

Don haka, ɗan'uwa, in za ka Ogbete ko Garrison ko Emeka Offor, tafi da wayarka da iyafis ɗinka. A buɗe kwalin a gabanka, ka soka, ka sa karatun da ka san muryar mai shi, ka saurara da ƙara kaɗan ka ji ko akwai "shuu". Ka kira wani ka tambaye shi ko yana jin ka sosai, domin wasu adaftocin ba sa ɗaukar makirfo. Ka ɗan girgiza igiyar ka ji ko sauti zai yanke. In mai shago ya ce ba a gwadawa, mayar da kuɗinka aljihu ka shiga shago na gaba.