Zancen Tabarma: Radiyan a ɗakin ƴan tsaki

 

Hunturu ya kama, kuma daga Tsarnawa har Badagishiri zance guda ake yi a wurin zubi. Ƙungiyoyi da dama sun ci bashin akwati sun sayo ƴan tsaki, ga dare ya yi sanyi. Lantarki ba shi da alkawari, kaskon gawayi kuwa sai an kwana ana gyara shi. Shi ya sa ido ya koma kan fitilar gaz ɗin nan da ake ratayawa, wadda masu kiwo ke ce ma radiyan. Tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidajenmu, mun saba da shi wajen girki. To amma girki a tsakar gida ake yin shi, mai girki na tsaye. Radiyan kwana yake yana ci a cikin ɗaki, kowa na barci.

Bara mu da kanmu munka kusa ganin ta kanmu. Mun zuba tsaki, mun rataya radiyan, sai munka ce kada ɗumi ya fita a banza, gaz kuɗi ne. Munka bi tagogi da leda, munka cusa tsumma ƙarƙashin ƙyaure, munka sa ɗan ma'ajiyarmu ya kwana ciki don gadi. Da asuba yaro ya fito yana layi, kai na sara, yana amai. Uwar ta ce zazzaɓi ne. Sai da munka leƙa munka ga tsaki kwance birjik kafin hankalinmu ya dawo. Yaron dai Allah ya kiyaye, an kai shi likita ya warware. Tsakin kuwa mun biya bashinsu wata da watanni ba mu ci ko ƙwai guda ba.

Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne radiyan ba iskar ɗaki yake ɗumamawa ba. Aikinsa irin na hantsi ne: kina zaune bakin zaure iska na kaɗawa, amma bayanki da rana ta taɓa ya yi ɗumi. Haka zafinsa ke sauka kai tsaye kan tsaki da shimfiɗarsu. Ke nan toshe ɗaki bai ƙara masu wani abin kirki ba, sai dai ya hana wutar numfashi. Kilo guda na gaz in zai ƙone sarai yana cin iskar da ta kai cikin ƙaramin ɗaki mai mita biyu da biyu, tsayi mita uku, kuma yana sakin tururin ruwa wajen lita ɗaya da rabi. Ruwan nan shi ke jiƙa ɓuntun shinkafa har ɗaki ya ɗauki warin da ke sa ido hawaye. In iska ta gaza kuma, wutar sai ta fara fidda gubar da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mai barci ba ya jin shigarta. Don haka a bar kafa sama kusa da rufi, a bar wata gefe, dare da rana. In iska na bugun tsaki, a kare su da kewayen kwali ko zana nesa da wutar. Mutum kuwa kada ya kwana ciki, ko babba ko yaro. Mai gadi ya shimfiɗa tabarmarsa waje.

Wajen ratayawa, sarƙa ake sa wa. Igiyar roba da ta kaba zafi na cin su a hankali, ranar da ta tsinke kan ɓuntu za ta faɗa. A ƙara waya ta biyu don ko ta kwana. Tsayin da za a bari daga ƙasa, da tazarar da za a bari daga azara da zana da leda, yana rubuce a takardar da ta zo da na'urar. Kada a karɓi radiyan ba takarda, kuma a sa mai sayarwa ko ɗan lakwal ya karanta a gabanku. Ɗakin da ke da rufin ciyawa, gaskiya mu dai ba mu ba da shawara ba.

Butali waje ne wurinsa, a tsaye, cikin inuwa, tiyo kaɗai ke shiga ɗaki. Gaz ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, daidai inda tsaki suke, daidai inda za ki duƙa da ashana. Can cikin dare za ku ga jikin butali ya yi raɓa, wuta ta yi ƙasa. Kada a kwantar da shi, kada a matso masa da garwashi wai ya ji ɗumi. Mun san ana yi. Ƙaramin butali mai kilo 6 ne ya fi yin haka, gara a nemi babba.

Sai maganar detandar, wato kan da ke daidaita ƙarfin gaz. Kowane radiyan da irin nasa, na girki ba lallai ya dace ba. Tiyo ma na gaz ake sayowa, mai shekara rubuce a jiki, a ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe. Tiyon ban ruwan albasa a bar ma mutanen Galmi kayansu. Duk lokacin da anka canza butali, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a mahaɗa. In ya yi kumfa, a rufe. Ba a gwada tsiyaya da wuta. In da hali a zaɓi radiyan mai ɗan ƙarfen tsaro da ke yanke gaz da kansa in wutar ta mutu. Ya fi tsada, amma shi za mu saya bana.

Ƙurar hunturu da gashin tsaki suna toshe shi da sauri. Fuskarsa ja wur ya kamata ta zama, ko'ina daidai. In kun ga harshen wuta rawaya ko baƙin hayaƙi a jikinsa, a kashe, a bari ya huce, a kakkaɓe. Satin farko tsaki na son digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa wajen digiri 3 kowane sati. Ko ba ma'auni su za su gaya maku: in sun cure ƙarƙashinsa suna tsiwa sanyi suke ji, in sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa.

Ga shugabanni da masu riƙe da makullan akwati: in ƙungiya ta zo neman bashin kiwo, a sa kuɗin sarƙa da tiyo da detandar da ladan mai haɗawa cikin lissafi tun farko. Mu wurin nan munka yi tsimi bara. In kuma wani ya fito ɗakin yana ciwon kai ko jiri, a rufe butali, a buɗe ƙofa, a kai shi likita nan take, a faɗa masu gaz ne.

Zubi mai zuwa, duk ƙungiyar da ke da radiyan ta zo da tiyonta mu duba shekararsa tare.