Kafin ka miƙa wa 'yan gwangwan keken babanku

Da wuya ka shiga tsohon gida a Gumel ko Gagarawa ka rasa keke guda jingine a zaure ko bayan rumbu, taya a sace, sirdi a yage, kaji na kwana a kai. Ƙarshensa sananne ne. Wata rana ɗan gwangwan zai biyo layi da kurarsa, yaran gida su jawo masa, ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe, a sayi data da kuɗin. Ni a ganina wannan asara ce, kuma mu matasa ne muke tafka ta.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya wa kowa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke zaune a cikin gari ya san nawa acaɓa ke ci masa a mako. Amma ka ce masa ya hau keke, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Wai aji. Wane aji ne a tsayuwa bakin titi cikin rana kana roƙon ɗan acaɓa ya rage maka naira hamsin?

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare. Daga Gumel zuwa Maigatari bai kai kilomita 30 ba. Iyayenmu sun yi wannan hanyar a kan keke ranar Alhamis don cin kasuwa, sun dawo da kaya a kariya, ba wanda ya ce sun faɗo.

Kekunan nan ba duka ne iri ɗaya ba, kuma nan ne ya kamata mai niyya ya buɗe ido. Akwai baƙin keke mai burkin sanda da taya inci 28, irin Raleigh da Hercules na Ingila, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya. Wannan jakin aiki ne, shi ke ɗaukar buhun gero da jarkokin ruwa. Raleigh, wanda asalinsa garin Nottingham ne, har masana'anta ya taɓa yi a Kano, shi ya sa tambarinsa mai kan zalɓe ya cika ƙauyukanmu. Sannan akwai marasa nauyi, masu siririyar taya da lanƙwasasshen kai irin na tsere, waɗanda galibi cikin kayan gwanjo suke shigowa daga Turai: Peugeot, Motobécane, Gazelle, da shi kansa Raleigh ɗin. Waɗannan su aka fi wulaƙantawa, don mai saye yana ganin siririn ƙarfe ya ɗauka ba shi da ƙwari.

Alhali sirancin nan da gangan aka yi shi. A 1935 kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da wani bututun ƙarfe mai lamba 531, wanda mafi kyawunsa ake yi da kauri a baki biyu inda ake haɗi, tsakiya kuma a fefe shi. Keken da aka ƙera da shi yakan tsaya wajen kilo 11, kusan rabin nauyin baƙin keke, kuma ya shekara arba'in yana aiki. In ka ga 'yar takarda manne a ƙarƙashin sirdi da wannan lamba, to wallahi kada ka bari a kankare ta.

Gyaran kansa ba wani sihiri ba ne. A fara duba firam: in ya tsage a mahaɗa ko ya lanƙwashe daga karo, a haƙura, wannan kam na ɗan gwangwan ne. In lafiyarsa lau, saura duk mai sauƙi ne. A kwance shi, a jiƙa kaca a kananzir, a wanke gidajen boris a sa sabon giris, a sauya robar burki da waya, a ɗaure sifok ɗin da ya saki. Tsatsar sama-sama da soson ƙarfe da ɗan baƙin mai take fita.

Wuri biyu ake kashe waɗannan kekuna, kuma duka da kyakkyawar niyya. Na farko, zaren kusoshi. Tsofaffin Raleigh na Nottingham suna da nasu zaren, 26 a kowane inci, wasu kamfanonin kuma 24. Na Faransa ma nasu daban ne. Yaro mai gyara ya ɗauko sabon kaya na kasuwa, ya ga ya ƙi shiga, sai ya sa ƙarfi da guduma, shi ke nan ya cinye zaren firam ɗin har abada. Na biyu, taya. Tsohuwar taya mai inci 27 da ta zamani da ake rubuta wa 700C a ido kamar ɗaya suke, amma akwai bambancin milimita 8 a tsakani, ɗaya ba ta zama a rim ɗin ɗaya. Dattawan masu gyaran keke da ke zaune gindin dalbejiya a bakin kasuwanninmu sun san wannan da hannu ko da ba su san lambar ba. Yaransu kuwa duk sun koma gyaran babur. In ka kai wa irin wannan dattijo aiki, ka zauna kusa, ka ce “Baba, a nuna mini,” ka ga abin mamaki.

Fenti kuma, don Allah a sassauta. Ba dole sai an fesa masa ruwan ganye mai ƙyalli an manna hoton ɗan ƙwallo ba. Tsohon fentin da ya koɗe, in aka wanke aka goge, ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Akwai masu cewa wannan duk soki-burutsu ne na 'yan boko, kuma suna da hujja a wani wajen. Siririyar taya ba ta yashi ba ce. Wanda gidansu ke ƙauyen Sule Tankarkar, inda hanya rairayi ce zalla, ya nemi mai faɗin taya ko ya riƙe baƙin kekensa. Zafin watan Afrilu da azahar ma ba abin wasa ba ne. Sai babbar matsalar, titi. Ranar kasuwar Maigatari manyan motocin shanu ke mallake hanya, kuma direba ba ya lissafa mai keke cikin mutane. Ko ministan sufuri Ojo Maduekwe, da ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, sai da mota ta tura shi kwata a Abuja a 2001. Don haka fitila da abin ƙyalli a baya wajibi ne, kuma ƙananan hukumominmu huɗu su sani gefen titin da yashi ya cinye haƙƙin mai keke ne a share.

Amma duk wannan bai sa a auna keke a sikeli ba. A Italiya, tun 1997 ake wani taro mai suna L'Eroica a garin Gaiole, inda sharaɗin shiga shi ne ka zo da keke irin na 1987 ko kafin nan. Mutane na biyan kuɗin jirgi daga Amurka da Japan don su hau irin abin da kaji ke kwana a kai a gidanmu. Mu kuma a gasar Olamfik ta Paris a 2024, 'yar tseren Najeriya Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke.

Ranar 3 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. Matasa goma da gyararrun kekuna goma sun isa a tashi daga ƙofar fadar Gumel bayan asuba, a sha koko da ƙosai a Maigatari, a juyo kafin rana ta yi zafi. Masu TikTok su ɗauki keken tun yana zaure da tsatsarsa, kada su jira sai ya yi ƙyalli.