HATTARA DAI SAMARI: ƘARIN RANDA BA YA ƘARA RUWAN RIJIYA

Ya 'yan'uwana matasa, akwai wani yayi da ya shigo mana wanda ya kamata mu tsaya mu yi wa juna nasiha a kansa tun kafin ya ci mana dukiya da lafiya. Da zarar saurayi ya sami 'yar mota, ko tasa ko ta haya, sai ya garzaya wajen mai haɗa kayan sauti, a cusa masa amfilifaya da manyan sifiku a cikin but. Bayan kwana biyu sai ya ga duk lokacin da gangar ta buga fitilun gaba suna dishewa, da safe kuma mota ta ƙi tashi sai da turi. Ya koma ya kai kuka, sai a ce masa: "Ai wuta ce ta yi maka kaɗan, ƙaro batir." Shi ke nan, ya tattara abin da ya tara ya sayo batir na biyu, wani ma har na uku.

To, ɗan'uwa, tsaya ka ji. Batir ba ya haifar da wuta, ajiye ta kawai yake yi. Misalinsa kamar randa ne. Rijiyar ita ce na'urar cajin da inji ke juyawa da bel, wadda makanikai ke kira altaneta. Idan rijiyar gidanku guga goma take bayarwa a wuni, ku kuma kuna shan goma sha biyar, ko randa nawa ka jera ƙarshenta duk ƙafewa za su yi.

Mu yi lissafi. Cikakken batirin mota yana da bolt 12.6, idan inji na aiki kuma altaneta na tura kimanin bolt 14. Altanetar galibin ƙananan motoci tana bayar da tsakanin amfiya 70 zuwa 120, kuma daga ciki ne fitilu da fanka da famfon mai da na'urar sanyaya mota ke ɗibar rabonsu. Amfilifaya mai wat 1,000 na gaskiya, idan aka ƙure ta, sai ka raba 1,000 da 14, ka sami amfiya 71. Ka haɗa da abin da ke salwanta ya zama zafi, ka tasam ma amfiya 90. Ga shi kuma a cikin cunkoso, inji na silo, altaneta ba ta bayar da cikakken ƙarfinta. Ina sauran zai fito? Daga batir. Idan batura biyu suka zube, altanetar nan guda ita za ta ɗauki nauyin cika su duka, ta yi ta zafi har ta ƙone. Kuma duk wutar da ta bayar daga tankin mai ta fito, man da kowa ya san yadda kuɗinsa ya tashi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Wannan asarar kuɗi ke nan, kuma ita ce mai sauƙi. Babban abin tsoro shi ne gobara. Batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. Wayar da aka ja daga gaban mota zuwa but tana bi ta ƙarƙashin kafet da kujeru, ba nesa da tankin mai ba. Ranar da gogayya ta feɗe robarta ta taɓa ƙarfen mota, nan take za ta yi ja wur. Maganin wannan shi ne fiyus, kuma tunda batir ne a kowane ƙarshen wayar, dole a sa fiyus biyu, kowanne kusa da batirinsa, kada tazarar ta wuce santimita 45. Amma abin takaici, sau nawa muka ga an tsallake wannan don a rage kuɗi, ko fiyus ya ƙone an naɗa masa silin waya? Sau nawa aka sayo siririyar waya, ko ta alminiyon da aka shafa wa jan-ƙarfe a bayanta? Araha dai ba ta ado.

Sannan batirin ruwa, lokacin da yake caji, yana fitar da iskar haidirojin, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. But kuwa rufaffen wuri ne, kuma iskarsa na shiga inda fasinja ke zaune. Ƙara da cewa batir ya kan kai kilo 15 zuwa 20. Idan ba a ɗaure shi da ƙarfe ba, ranar da aka yi karo ko mota ta wuntsila, ya zama dutse mai watsa ruwan batir.

Wani zai ce, "Malam, motata ce, kuɗina ne, kunnena ne." To, mu fara da kunnen. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne, ƙarar da ta kai desibel 85 kada a wuce awa 8 a cikinta, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne kacal. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan saurare. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Wane batir za ka saya ya dawo maka da su? Ban da haka, ƙarar ba ta tsayawa a cikin motarka. Tana shiga ɗakin mara lafiya, ta tashi jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci, ta hana tsoho hutawa. Kai kanka direba ba ka jin hon, ba ka jin jiniya. Haƙƙin maƙwabci da na mai tafiya a hanya ba abin wasa ba ne, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa kiyaye shi.

Ba muna cewa batir na biyu ba shi da amfani sam ba ne. Wanda ke aiki da lasifika mota na tsaye inji a kashe, kamar mai shela ko mai kai sauti wajen taro, yana da hujja. Sai dai ya yi shi bisa ƙa'ida. Ya nemi ƙwararren riwaya a fara auna altaneta da batirin farko, don sau da yawa ciwon bai wuce kan batir da ya yi tsatsa ko wayar at da ta saki ba. Ya sayi rufaffen batir irin AGM ko wanda aka yi don jure doguwar zuƙa, domin batirin tayar da mota ba ya daɗewa idan ana yawan tatse shi. A sa na'urar da ke raba batura biyun idan an kashe inji, don na gaba ya tsira da wutarsa. A haɗa fulos da fulos, mainos da mainos, domin idan aka jera su kai da wutsiya bolt 24 za a samu, kayan wutar motar su ƙone. Kada kuma a gwama tsoho da sabo kai tsaye, tsohon zai janyo sabon ƙasa.

Idan batir ya mutu, a mayar wa dila, kada a fasa shi a gida. Cike yake da dalma. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalmar tsofaffin baturan da ake fasawa a unguwar.

Ya kai ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗin guminka, tambayi kanka: wannan ƙara, wa za ta amfana? Kuɗin batir da amfilifaya zai iya sauya maka tayoyin da suka suɗe, ya gyara birki, ko ya rage wa mahaifiya cefane. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba mu ikon ji da amfani da abin da muka ji, Ya tsare mu a hanyoyinmu.